Gidajen Musulmin Sarayebo da suka ɓoye Yahudawa lokacin yaƙin Hitila

In ana zancen yaƙin duniya na biyu a wajenmu, wanda tsofaffi ke ce wa yaƙin Hitila, abin da aka fi sani shi ne 'yan Boma, kakanninmu da Bature ya kwasa ya kai daji suka gwabza da Japanawa. Can Turai kuwa wani abu ne daban yake faruwa, bin mutane ake gida-gida ana kamowa, ba dan sun ɗau bindiga ba, dan kawai an haife su Yahudawa, har sai da aka kashe wajen miliyan 6. Yawancin labaran waɗanda suka ɓoye su da ake yaɗawa na Holan ne da Folan da Faransa. Ni kuwa na Sarayebo ne ya tsaya min a rai, saboda gidajen da abin ya faru a cikinsu irin gidajen da muka sani ne, akwai kulle, akwai lulluɓi, akwai inda baƙo namiji yake tsayawa ba ya wucewa, kuma wannan tsarin shi ne ya zama maɓoyar.

Sarayebo dai yanzu ita ce babban birnin Bosniya, a lokacin kuwa duk ana cikin Yugoslabiya. Yahudawan garin ba baƙin jiya ba ne. Asalinsu mutanen Andalus ne da aka kora daga Sifaniya a 1492, shekarar da Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi, Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta karɓe su, a hankali wasu suka gangaro Bosniya cikin ƙarni na 16 suka zauna, suna kasuwanci suna sana'a, a gida kuma suna magana da Ladino, wani tsohon Sifaniyanci da suka riƙe shekaru ɗaruruwa. Kafin yaƙi sun kai 10,000 a garin. Kasuwa ɗaya suke ci da Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawa.

Ranar 6 ga Afrilun 1941 Jamus ta afka wa Yugoslabiya, ko sati biyu ba a yi ba ƙasar ta miƙa wuya. Ranar 10 ga watan aka shelanta wata sabuwar ƙasa wai ita Kuroshiya mai 'yanci, aka ɗora Ante Pavelić da ƙungiyarsa ta Ustasha, aka haɗa musu da Bosniya gaba ɗaya. Shigar Jamusawa Sarayebo ke da wuya aka fasa babban wurin ibadar Yahudawan garin aka wawashe, kuma ba Jamusawa kaɗai suka yi ba, har da 'yan gari. Sai dokoki suka biyo, a ƙwace shago, a ƙwace masana'anta, kowane Bayahude ya liƙa wani ƙyalle ruwan ɗorawa mai harafin Ž a jikinsa dan a gane shi daga nesa. Daga nan sai jiragen ƙasa zuwa sansanoni, babbansu Jasenovac, inda Ustasha suka kashe mutum tsakanin 77,000 zuwa 99,000, mafi yawa Sabiyawa, sai Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma. Akasarin Yahudawan Sarayebo ba su ga ƙarshen yaƙin ba.

To a cikin wannan ne bam ɗin Jamus ya rushe gidan wani Bayahude mai suna Josef Kabilyo, mai masana'antar bututu, da shi da matarsa Rifka da 'ya'yansu biyu suka wayi gari a titi. Filin da masana'antar take na wani attajiri ne Musulmi, Mustafa Hardaga, sun daɗe da sanin juna. Mustafa ya ce su taho gidansa. Gida ne na gandu, shi da matarsa Zejneba, wato Zainabu, da ɗan'uwansa Izet da matarsa Bahriya, kuma gida ne mai riƙon addini sosai, matan ba sa buɗe fuska gaban wanda ba muharraminsu ba, namiji baƙo bai taɓa kwana a cikinsa ba. Josef ya ba da shaida daga baya cewa mutanen gidan sun ce musu gidanmu gidanku ne, kuma dan su nuna da gaske suke, matan suka daina rufe fuska a gabansa, ya zama ɗan gida.

Wannan wajen na fi tsayawa a kai, dan wanda bai tashi a gidan kulle ba zai karanta ya wuce bai ga komai ba. Mu mun san me ake nufi. Abokin maigida na shekara ashirin iyakarsa zaure, a kawo masa abinci a can ya ci ya tafi, bai san ko kalar ƙofar ɗakin uwargida ba. A ce an ɗauki mutum, wanda ma ba Musulmi ba, an shigar da shi har tsakar gida ya zauna, wallahi ba ƙaramin abu aka karya ba, kuma waɗanda abin ya fi shafa ba Mustafa ba ne da zai sa hula ya fita kasuwa, matan ne da za su wuni da baƙin. Sannan shi kansa kullen ya yi musu amfani, tunda kowa a unguwa ya san ba a leƙa cikin gidan Hardaga, ba wanda zai ga abin mamaki dan ƙofa tana rufe.

Akwai wani hoto da aka ɗauka a titin Sarayebo a 1941, ana samunsa a intanet. Mata ne ke tafe da yara, Zejneba cikin lulluɓinta, Rifka a gefenta sun matsu da juna, kuma bayanin da ake yi wa hoton shi ne da gefen mayafinta ta rufe ƙyallen da ke jikin Rifka. In ba a faɗa maka ba ba za ka ce akwai wani abu a ciki ba, mata ne kawai sun fito unguwa. Alhali kusa da gidan nan hedkwatar Gestapo take, 'yan sandan cikin Hitila, kuma ga takardu an liƙa a bango cewa duk wanda aka kama ya ɓoye Basabiye ko Bayahude hukuncinsa kisa ne.

Ku tsaya ku lissafa abin da ɓoye iyali guda yake ci. Ana maganar jarumta kamar abu ne na rana ɗaya, ka buɗe ƙofa su shigo shikenan an gama. Ina! Baki huɗu ne suka ƙaru a tukunya a lokacin da abinci ke wuya, kullum sai an dafa, kullum sai an wanke, shanya ta ƙaru, ruwa ya ƙaru, yaran gida sai an ja musu kunne kar su je waje su yi suɓul da baka, yaran baƙi sai an hana su ihu da guje-guje, kuma duk matar da ta taɓa riƙe gida ta san maƙwabciya ba ta buƙatar shigowa kafin ta gane an ƙara mudu. Mutum ɗaya ya isa ya kai tsegumi. Sai ka kwana da wannan ka tashi da shi, ba ka san ranar ƙarewarsa ba, dan a 1941 ba wanda ya san Hitila zai faɗi, alamu ma sun fi nuna shi zai ci.

Daga baya Josef ya samu ya tura matarsa da yaran garin Mostar, wanda a lokacin yake hannun Italiya, su Italiyawa duk da ƙawancensu da Hitila ba su cika miƙa Yahudawan yankinsu ba. Shi ya tsaya dan ya kammala da harkar masana'anta, sai Ustasha suka cafke shi. Da tuni an wuce da shi Jasenovac, ƙanƙara ce ta zubo ta toshe hanya, sai aka riƙa fito da fursunonin da sarƙa a ƙafa suna kwashe ƙanƙarar daga tituna. A nan Zejneba ta gan shi. Ya ce ya hango ta tsaye a kwanar titi fuskarta a rufe tana kallonsa tana hawaye, daga ranar ta fara kawo abinci, kuma ba shi kaɗai ba har da sauran fursunonin. Macen kulle fa, a gaban masu gadi da bindiga. Da ya samu ya gudu, ina zai nufa? Gidan dai ya koma, a rame ba lafiya, suka yi jinyarsa har ya miƙe, sannan da kansa ya ga zamansa zai ja musu bala'i ya lallaɓa ya bi iyalinsa Mostar. A Satumbar 1943 Italiya ta fita daga yaƙin Jamus ta mamaye yankin, tsugune ba ta ƙare ba, suka sake gudu suka hau duwatsu wajen mayaƙan Tito, jagoran 'yan kwaminisancin da ke yaƙar Jamusawa. Da yaƙi ya ƙare suka dawo Sarayebo dukansu da rai, gidan Hardaga suka fara sauka, kuma kayan adon da suka bari ajiya aka ɗauko aka miƙa musu.

Na san akwai masu karantawa da tun daga taken suka ɓata rai, suna cewa da abin da ake wa Falasɗinawa wa yake da lokacin tausayin Yahudawa. Ni ma abin Gaza yana ci min rai kamar kowa. Amma a 1941 ba a ma kafa Isra'ila ba, sai 1948, kuma wanda ya tsaya a ƙofar Mustafa maƙwabci ne da bam ya rushe wa gida, da mace da ƙananan yara biyu. Haƙƙin maƙwabci a addininmu ba a ce sai Musulmi ba. Mu nan ma ai mun gani, a Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, mata a gidansa maza a masallaci, ya fito ya tari maharan da kansa.

Kuma kar a ɗauka duk Musulmin Bosniya haka suka yi. Wasu sun shiga Ustasha, a 1943 ma runduna guda ta SS, wato dakarun musamman na Hitila, aka kafa da 'yan Bosniya, sunanta Handžar, kuma Muftin Ƙudus na lokacin Amin al-Husseini ya je ya taya neman mutane. A ɗaya ɓangaren kuma malamai da manyan gari sun sa hannu a takardar da ake kira ƙudurin Sarayebo a Oktoban 1941 suna tir da kisan da ake wa Sabiyawa. Mafi yawan jama'a kuwa ƙofa suka rufe suka yi shiru, kamar yadda ake yi ko'ina.

A 1984 iyalin Kabilyo, da suka riga suka koma Isra'ila, suka sa Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan Yahudawa a yaƙin Hitila, ta karrama gidan Hardaga, shekara ta zagayo Zejneba ta je ta dasa bishiya a can. Sai 1992 yaƙi ya sake ɓarkewa, sojojin Sabiyawan Bosniya suka yi wa Sarayebo ƙawanya kusan shekara huɗu, ba wuta ba ruwa, maharba a saman duwatsu suna ɗauke duk wanda ya fito ɗibar ruwa, mutum sama da 11,000 suka mutu. Wannan karon Musulmi ne a tsakiya. 'Yan tsirarun Yahudawan da suka rage suna da ƙungiyar agaji, La Benevolencija, suka buɗe kyamis da wajen dafa abinci na kowa da kowa, kuma suna shirya ayarin motoci masu fitar da mutane. A Fabrairun 1994 aka fitar da Zejneba, ta tsufa, da 'yarta Aida da mijin 'yar da jikarta, aka kai su Isra'ila, har Firaminista Yitzhak Rabin ya karɓe ta. Ba ta cika shekara a can ba ta rasu. Aida kuwa daga baya ta koma addinin Yahudanci, ta zama Sara, ta kama aiki a Yad Vashem ɗin. Wannan ɓangaren masu yaɗa labarin a Facebook ba sa son sakawa, amma haka ya faru.

A nan ne kowa zai ce alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza. A wajen Allah haka ne, ba ja. A duniya kuwa sai a tambayi mahaifin Zejneba, Ahmed Sadik, ɗan kasuwa, wanda shi ma ya ɓoye iyalin wani Isidor Papo ya taimaka musu suka tsallaka yankin Italiya. Wani ya kai ƙararsa. Aka kama shi aka kai Jasenovac, a can aka kashe shi a 1945, ana dab da gama yaƙin. Iyalin Kabilyo sai da suka dawo suka ji. Wato gida ɗaya, aiki ɗaya, 'ya ta tsira ta samu karramawa, uba ya tafi ko kabarinsa babu. Shi ya sa ba na son a riƙa ba da labarin kamar adashi, ka zuba yau ka kwasa bayan shekara hamsin, dan waɗanda suka yi ba su yi da wannan lissafin ba, abin da ke rubuce a bango suka gani kuma shi ne ya samu wasunsu.

Sai kuma Derviš Korkut, wanda labarinsa ya fi ɗaure min kai. Malami ne masani, ya yi karatu a Istanbul, yana jin harsuna da yawa, shi ne mai kula da laburaren gidan tarihi na Sarayebo. A gidan tarihin akwai wani littafi rubutun hannu na Yahudawa, Haggadah, wanda suke karantawa a daren idinsu na tunawa da fitar Annabi Musa da Bani Isra'ila daga Masar, an rubuta shi a Sifaniya wajen 1350 da zane-zane masu ruwan zinare, gidan tarihin ya saye shi a 1894. A 1942 wani janar na Jamus, Johann Fortner, ya zo da kansa ya ce a ba shi. Aka ce masa ai wani hafsan Jamus ya riga ya zo ya karɓa. Ƙarya ce, Korkut ne ya fice da shi ya ɓoye har yaƙi ya ƙare, kuma yau littafin yana nan a gidan tarihin. Wannan kowa ya sani a Bosniya. Wanda aka daɗe ba a sani ba shi ne a shekarar dai ya shigo gida da wata budurwa Bayahudiya, Mira Papo, wadda an riga an kwashe iyayenta, ba ta da inda za ta. Sunan Papo ya yi yawa a Yahudawan garin, ba sai lallai dangin Isidor ba ce. Matarsa Servet yarinya ce 'yar asalin Albaniya, tana goyon ɗansu na fari. Aka sa wa Mira lulluɓi, aka ce sunanta Amira, 'yar aiki ce da aka kawo ta taya raino, ta zauna da su watanni kafin ta samu hanyar komawa wajen mayaƙan Tito. Nan ma dubi wa ya ɗau nauyin, shi yana ofis, Servet ce ke wuni da ita, ita ce za ta amsa tambayar maƙwabta, kuma jaririnta ne a kan layi in asiri ya tonu.

Bayan yaƙi gwamnatin kwaminisanci ta Tito ta kama Korkut, mutum ne da ba ya iya yin shiru, aka ɗora masa tuhumar haɗa kai da maƙiya. Servet ta nemo Mira, wadda a lokacin take cikin sojan da suka ci yaƙi, ta roƙe ta ta zo kotu ta faɗi abin da ya yi mata. Mira ba ta zo ba. Mutumin da za ta aura ne ya hana ta, yana tsoron abin da zai biyo baya, dan a wancan zamanin tsaya wa wanda gwamnati ta sa a gaba ba wasa ba ne. Aka ɗaure Korkut shekaru. Ita kuwa ta tafi da zaton an kashe shi, ta koma Isra'ila da wannan a ranta, sai a 1994 ta ci karo da wani rubutun jarida kan littafin nan ta ga ashe ya fito daga kurkuku ya rayu. Ta zauna ta rubuta wa Yad Vashem shaidar da ba ta bayar a kotu ba, aka karrama shi da Servet.

Ni dai na kasa yi mata hukunci mai tsauri, ko da yake raina yana so. Yarinyar da aka kashe wa kowa, ta samu ta tsira da ƙyar, a ce ta sake sa wuyanta gaban wata gwamnatin mai kisa? Tsoron da ya hana ta zuwa kotu shi ne dai tsoron da ya hana dubban mutanen Sarayebo buɗe ƙofa a 1941, ba wani daban ba ne, kuma in mun fahimce shi a wajenta to sai mu yarda su Korkut da Zejneba ne suka fita daban, ba sauran ba. Amma fa ba ni aka ɗaure ba, Servet da ta yi rainon yara ita kaɗai miji na kurkuku tana iya ganin abin wani iri.

Takardar karramawar ta yi amfani ta hanyar da ba wanda ya zata. 'Yar Korkut, Lamija, aure ya kai ta Kosobo, a 1999 sojojin Milošević, shugaban Yugoslabiya na lokacin, suka kori Albaniyawa daga Pristina babban birnin Kosobo, ita da mijinta suka tsinci kansu cikin 'yan gudun hijira a Masedoniya ba su da komai, sai kwafin takardar nan da ke jakarta. Ta kai wa shugabannin Yahudawan Skopje, babban birnin Masedoniya, suka duba suka gane ko 'yar waye, cikin kwanaki aka sa su a jirgi, a filin jirgi kuma wanda ya zo tarbarsu Davor ne, ɗan Mira. Mira ta rasu a 1998, ba ta ga wannan ba. Shi kuwa Derviš tun 1969 ya rasu, bai ga takardar ba, bai kuma taɓa jin dalilin da ya hana ta zuwa kotu ba.